Hannun Rojo a teburin mai shayin Argungu

Neman shinkafa ne ya kai ni Argungu a ƙarshen watan Yunin 2018, kwana goma bayan ƙaramar Sallah. Yayana yana da ɗan injin casa a Kano, kuma labari ya iso mana cewa manoman rani na fadamar Kabi sun gama girbi, shanshera ta sauko kasuwa. Ya ce in yi maza in je in gani da idona kafin masu manyan motoci su kwashe. Ya haɗa ni da wani dillali da suka daɗe suna hulɗa, dattijo ne wanda ko a waya Kawu nake ce masa.

Ranar Litinin muka bar Kano ana idar da sallar Asuba. Gwarzo, Malumfashi, Funtuwa, hira ake ta yi a mota, kuma rabinta ta wasan gobe ce, Najeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya ta Rasha. Kwana uku kafin nan Ahmed Musa ya zuba wa Aisilan ƙwallo biyu, don haka kowa bakinsa da ƙarfi. Muna shiga ƙasar Zamfara hira ta yi sanyi. Lokacin ne labarin 'yan bindiga ya cika rediyo, kuma daga Tsafe har muka wuce Gusau da Maru, in ka dubi bakin fasinja sai ka ga yana motsi ba sauti. Sai da muka tsaya Talata Mafara aka yi Azahar, aka ci abinci, sannan murya ta dawo wa mutane. Mun shiga Sakkwato da La'asar sakaliya. Daga nan zuwa Argungu kilomita ɗari ne ko kusa da haka, amma jiran mota ta cika ya cinye mini yamma, ban sauka ba sai bayan Isha'i.

Ina sauke jakata a tasha sai ihu ya tashi daga wata rumfar kwano da ke tsallaken titi. Yaron da Kawu ya aiko tarye ni daga can ya rugo, don yana jirana ne yana leƙe ta hudar kwano. Ya ce wasan Fotugal da Iran ne, an ba Iran fenareti ana dab da tashi, wai ƙwallo ta taɓa hannun wani ɗan bayan Fotugal, alƙali ya je ya duba talabijin ɗin nan ta gefen fili ya dawo ya busa. Na ce masa to, don gajiya ce a jikina. Ashe gobe da wannan maganar za a kwana.

Da hantsi Kawu ya ce ba a yi wa baƙo ciniki kafin a nuna masa gari. Ya bi da ni gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, inda makamai da tambura da kayan su suke jere, ga kuma kaburburan sarakuna a ciki. Daga nan muka gangara Matan Fada, bakin kogin da ake bikin kamun kifi. Ruwan sabuwar damina ya fara shigowa, ja-ja, wasu masunta biyu na zaune a gindin bishiya suna ɗinkin homa, gorunansu a kife. Wurin da nake gani a hoto dubban mutane na rugawa cikin ruwa lokaci guda, ranar shiru ne sai kukan tsuntsaye. Kawu ya ce rabon da a yi bikin kamun kifin tun 2009, kuma ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ɗan'uwa da ya yi tafiya bai aiko ba. Shi ya tuna mini cewa bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka rufe babin doguwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato.

A kasuwa na ga yadda ake sanin shinkafa. Kawu ba ya tambayar kuɗi sai ya cusa hannu har gwiwa cikin buhu ya ɗebo daga tsakiya, don ta sama kowa ya iya gyara ta. Ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya gatsa. In ta ce ƙaras, ta bushe. In ta yi danƙo a haƙori, da sauran ruwa a jikinta, inji zai farfasa ta. Muna cikin haka hayaniya ta kaure a bayanmu. Wani dattijon manomi ne, dogo, da rediyo rataye a kafaɗa, ya riƙe hannun mai awo. Lokacin shuka ya ranci iri a wurin wani ɗan sari, an auna masa kwano a shafe. Yau ya zo biya, ana cika kwanon har yana tozo.

"In shahe na, a yi shahe ga kowa," in ji shi. "In tozo na, a yi tozo ga kowa. Kwanon ai guda na."

Kawu ya shiga tsakani da "Baba, a yi haƙuri", aka daidaita. Mu ma muka gama namu cinikin kafin La'asar, aka bar lodi sai washegari.

Ƙarfe bakwai na yamma za a take wasan, daidai lokacin da rana ke faɗuwa a wannan yanki na yamma. Gidan kallon rumfar jiya ce: benci-benci a jere, talabijin biyu a kan katako, janareto na ruri a baya, mai gida a ƙofa yana karɓar naira hamsin-hamsin. Ƙanen Kawu ne ya kai ni, malamin firamare ne, shi ke busa wasannin unguwa-unguwa a garin, kowa Malam yake ce masa. Muka biya, muka ajiye hula a kan benci don kama wuri, aka yi taken ƙasa, aka take, sai ga kiran Magariba. Fiye da rabin rumfar ta tashi. Muna raka'a ta biyu muka ji ihu, amma siriri, na mutum goma ko sha biyar. Ko ba a faɗa ba mun san ba mu muka ci ba. Yaran Messi ne, 'yan Barcelona, waɗanda in yana fili ba su san wata ƙasa ba. Minti na 14 ya tare doguwar ƙwallon Banega da cinya, ya gyara, ya aika ta bayan golanmu Uzoho.

Lissafi a bayyane yake, canjaras ya ishe mu wucewa matuƙar Aisilan ba ta doke Kuroshiya ba. Ana dawowa daga hutu Mascherano ya riƙe Balogun a wurin bugun kwana, alƙalin wasan, Cüneyt Çakır ɗan Turkiyya, ya nuna fenareti. Victor Moses ya tura ta a hankali, gola ya tafi wancan ɓangaren. Minti na 51, ɗaya da ɗaya. Wani da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi, benci guda ya karye a baya, mai gida yana ta roƙon a zauna.

Daga nan kowa agogo yake kallo. Saura kamar minti goma Ahmed Musa ya kutsa ta hagu ya kwaso ƙwallo, ta tashi sama ta faɗo cikin da'irar Ajantina. Ɗan bayansu Marcos Rojo ya yi tsalle zai fitar da ita da ka, ta goge kansa ta sauka a kan hannunsa, ta faɗo gaban Ighalo, shi kuma ya ɗirka ta waje. Rumfar gaba ɗaya ta miƙe: "Hannu! Hannu!" Mikel da sauran suka yi wa alƙali caa. Ya taɓa kunne, ya zana akwati da yatsu, ya nufi gefen fili. A nan ne shiru ya sauka, irin shirun da har numfashin na kusa da kai kana ji. Talabijin ta maimaita a hankali, ga ƙwallo, ga hannu, babu mai musu. Wani a gabana har ya fara cewa Moses zai sake bugawa. Alƙali bai jima a gaban allon ba, ya juyo ya kaɗa hannu. Babu.

A minti na 86 Mercado ya kwaso daga dama, kuma Rojon nan dai, ɗan baya, shi ne a tsakiyar 'yan bayanmu ba mai gadinsa, ya ɗauke ta da ƙafar dama kafin ta taɓa ƙasa. Biyu da ɗaya. Kuroshiya ta yi mana abin da muke so, ta doke Aisilan, amma mu mun riga mun fita.

Mutane suka watse ba mai cewa uffan, aka yi Isha'i a makare, sai dai ƙafa ta ƙi zuwa gida. Teburin mai shayin bakin tasha ya cika har ana tsaye. Ina zama na hango dattijon nan na kasuwa a ƙarshen benci, rediyonsa a cinya. Shi bai shiga gidan kallo ba, a nan ya saurara.

Wani direban tasha ne ya fara, ya buga tebur har kofuna suka yi ƙara. Ya ce fashi ne da rana tsaka, an ƙulla tun kafin a take cewa Messi ba zai koma gida a zagayen farko ba, ga Maradona a saman fili ana ta nuna shi kamar shi ne mai gasar. Ya ce Mascherano jini na zuba a fuskarsa aka bar shi yana wasa, alhali doka ta ce mai jini ya fita a share masa. Wannan gaskiya ne, duk mun gani. Kowa ya ɗauka, aka yi ta zuba.

Malam ya bari sai da aka gaji, sannan ya ajiye kofinsa. Ya ce shi ma ɗan Najeriya ne, shi ma cikinsa ya ɗuri ruwa, amma doka ba ta ce duk ƙwallon da ta taɓa hannu laifi ba. Cewa ta yi sai in da gangan. Abin da alƙali ke dubawa shi ne, hannu ya tafi wurin ƙwallo, ko ƙwallo ta zo ta iske hannu? Kuma daga wace tazara? Ya kira wani yaro ya ce ya yi tsalle ya taɓa rufin rumfa da ka, hannuwansa manne da cinya. Yaron ya gwada, yana barin ƙasa hannuwa suka buɗe da kansu.

"Kun gani? Ba mai tashi sama hannu a aljihu. Daga kan Rojo zuwa hannunsa taƙi nawa ne? Yaushe zai yi niyya?"

Ya ƙara da cewa fenaretin da aka ba mu ma, da alƙali ya kau da kai babu mai kama shi, don irin wannan riƙon kullum ana yi a bugun kwana. In da an saye shi, me zai sa ya ba mu waccan?

Direban bai karɓa ba. Ya koma shekara 18 baya, zuwa 13 ga Fabrairun 2000, wasan ƙarshe na kofin Afirka a Surulere. Kamaru ta sha mu biyu ta ƙafar Eto'o da Mboma, Chukwu ya rage, Okocha ya farke da wani bugu daga nesa, aka tafi bugun fenareti. Ƙwallon Ikpeba ta daki sandar sama ta faɗa bayan layi ta fito, alƙali Mourad Daami ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe, kofi ya tafi Kamaru a gaban idonmu. Yadda ya riƙa jero sunayen nan kai ka ce jiya aka yi. Ya ce a lokacin an ba mu haƙuri da cewa alƙali mutum ne, idonsa biyu, ba ya iya mayar da abin da ya wuce. To yau ga na'ura an kawo, ya mayar, ya gani, me kuma za a ce?

Malam ya ce a tuna duka, kada a tsinci wanda ya yi daɗi. A 2014 a Burazil, Dzeko ya ci mu ƙwallo lafiyayya a wasanmu da Bosniya, aka ce satar gida ce alhali ba ita ba ce, muka ci ɗaya da nema ta ƙafar Odemwingie, kuma ba wanda ya zauna a wannan tebur ya kira shi fashi. A wasannin Olamfik na Atlanta 1996 da muka karɓi zinare a hannun Ajantinan nan, su ma sun bi alƙali Collina suna rantsuwa cewa Amunike ya yi satar gida. Wani daga baya ya amsa masa da cewa a 2014 ɗin dai Matuidi na Faransa ya taka Onazi har aka fitar da shi a makara, katin gargaɗi kawai aka ba shi. Haka aka yi ta jifa da shekaru, kowa da tasa ajiyar. Yaro guda mai rigar Messi ya ce a hankali, sau biyar ke nan ana haɗuwa a kofin duniya, 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da yau, duka Ajantina ke ci, ko duka alƙali ne? Aka yi masa ca, amma ba wanda ya ce ƙarya ya yi. Har wani ya tuna cewa a 2014 ma, ranar da Musa ya ci biyu, Rojon nan ne ya ci ta ukun da ta kashe mu.

Duk wannan Baba bai ce komai ba, yana tsoma burodi a shayi. Sai da aka lafa ya ɗago ya dubi Malam.

"Malam, ni ban san dokarku ba, kuma ban ga wasa ba, ji niy yi. Tambaya guda ni ka yi. Na Iran da anka ba jiya, shi wancan yaron da gangan yas sa hannu?"

Malam ya yi jim. Ya ce a ganinsa wancan ma bai kamata a bayar ba.

"To na Ostireliya da anka ba ranar Alhamis?"

Wannan ma na tuna shi, ƙwallo ce aka buga da ka daga kusa ta daki hannun Poulsen na Denmak, aka duba na'ura aka bayar. Malam ya ce wancan daga kan abokin hamayya ta zo, wannan kuwa daga kan mai hannun.

"Awo, na ji. Amma dukansu ba mai niyya. Su an cika musu da tozo, mu an shahe muna. In babu na, a ce babu ga kowa, wallahi da mun tahi mun kwanta."

Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci, sai ƙarar cokalin mai shayi a cikin kofi.

Na daɗe ina juya wannan daren a raina. Ta fuskar doka, ina tare da Malam. Na sake kallon wurin sau da yawa, ban ga mutumin da ya kai hannu ga ƙwallo ba, na ga wanda ya yi kuskuren bugu da ka. Ban yarda an sayi alƙali ba, kuma yana yi mini ciwo in ji an rataya komai a wuyansa an manta cewa Ighalo ya samu dama biyu a mintunan nan, ɗaya ya buga waje ɗaya gola Armani ya tare, an kuma manta cewa ɗan baya ya shigo gidanmu saura minti huɗu ba wanda ya bi shi. Amma tambayar Baba ba ta doka ba ce, kuma Malam, da yake mai gaskiya ne, bai yi ƙoƙarin rufe ta da doka ba. A mako guda, a gasa guda, da na'ura guda, an hukunta abu mai kama da juna ta fuska biyu, kuma wanda aka hana shi ne wanda ya fi buƙata. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana kallon hannun mai awo ba ya buƙatar a karanta masa littafi kafin ya gane haka. Masu dokar ma sun san da gyara, don a 2019 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta sake rubuta babin hannu, ta fito ƙarara ta ce ƙwallon da ta taso daga kan ɗan wasa ko jikinsa ta taɓa hannunsa galibi ba laifi ba ce. Wato abin da Çakır ya yanke ne aka mayar rubutacce, sai dai a daren da muke zaune a Argungu ba a rubuta ba tukuna.

Sha biyu ta wuce kafin mu tashi. A hanya Malam ya ce mini shi abin da ya fi damunsa saurin da alƙalin ya yi a gaban allo. Ya ce ko a filin firamare, in zai hana abin da mutum ɗari suka gani da idonsu, yakan tsaya ya kira kyaftin ya yi masa bayani, don wanda aka yi wa bayani ko bai yarda ba yana tafiya da sauƙin zuciya.

Laraba muka yi lodi, ruwan sama ya tsayar da mu har yamma, aka rufe buhuna da tamfol. Alhamis na kamo hanya, kuma a rediyon mota, mun wuce Gusau, na ji Senegal ma ta fita, makinta daidai da na Japan, ƙwallaye ma daidai, aka raba su da yawan katin gargaɗi. Ƙasashen Afirka biyar, ba wadda ta tsallake zagayen farko. Bayan 'yan kwanaki kuma labari ya fito cewa Mikel ya shiga filin nan ne sa'o'i kaɗan bayan an gaya masa masu garkuwa sun ɗauke mahaifinsa, bai faɗa wa kowa ba ya buga minti casa'in. Na tuna fuskarsa yana bin alƙali yana nuna hannu, na tuna bakunan fasinjojin nan da ke motsi tsakanin Tsafe da Maru, jikina ya yi sanyi.

Ranar 15 ga Yuli ina gida Kano ina kallon wasan ƙarshe, Faransa da Kuroshiya. Kafin hutu aka bugo kwana, ƙwallo ta daki hannun Perisic, alƙali Néstor Pitana, ɗan Ajantina, ya je gaban allo ya daɗe, har ya juyo ya sake komawa, sannan ya ba Faransa fenareti. Griezmann bai kai ga bugawa ba wayata ta yi ƙara. Kawu ne, ya ce ga mai son magana da ni. Na ji hayaniyar tasha da ƙarar cokali, sannan muryar Baba.

"Ɗan Kano, kana gani? Wanga kuma tozo na ko shahe?"

Daga bayansa ina jiyo Malam yana ɗaga murya, yana cewa a tsaya a saurare shi, wannan ba daga kansa ta taso ba.